Shaida na Uku a Cikin Motar Tsere

Injin na biyu ya buga ne a wata Lahadi ta ƙarshen kakar tsere, a filin Brands Hatch da ke lardin Kent, kudu maso gabashin Landan. Motar ƙaramar Mazda MX-5 ce ta farkon fitowa, irin wadda aka soma sayarwa a 1989, mai injin lita 1.6. Mai ita ba da tsere yake ci ba. Ma'aikaci ne a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, yana awon jini daga Litinin zuwa Juma'a, ƙarshen mako kuma ya ɗora motar a kan tirela ya tafi inda masu sha'awa irin tasa suke ƙarar da albashinsu a kan taya da fetur. Ba a ba su ko sisi in sun ci, sai ɗan kofi na ajiyewa a kan kanta.

Wanda ya haɗa masa injinan guda biyu wani dattijon bakanike ne da ya yi ritaya, maƙwabcinsa, wanda ya san mahaifinsa. Bai taɓa karɓar kuɗin aiki ba, sai na kayan gyara. Da suka kwance injin a gareji suka tarar boris ɗin da ke tsakanin karanshaf da sandar fistin ya ci wuta ya yi baƙi, sai dattijon ya juya shi a tafin hannu ya ce, «Yaro, kana sauke giya da wuri. Ina jin kukan injin tun daga bakin shinge.» Direban bai ce komai ba, amma abin da ke ransa shi ne hannun dattijon ya fara tsufa, kuma wani wuri a cikin haɗin ne ba daidai ba. Matarsa, wadda ta ga takardun kuɗin, ta ce in na uku ya buga a sayar da motar. Aka shiga hunturu a haka, mutum biyu masu mutunta juna kowa yana zargin ɗaya a zuci, babu kuma mai hujja sai abin da ya ji da abin da ya tuna.

Wannan ne ya sa ya sayi na'urar naɗar bayanai ta hannu, ƙirar kamfanin AiM na Italiya, ɗaya daga cikin sanannun masu ƙera irinta tare da MoTeC na Ostireliya da Cosworth na Ingila. Akwati ne da bai fi tafin hannu biyu ba. Aikinsa shi ne ya saurari ƙananan ma'aunai da ake kira sansa, waɗanda aka dasa a sassan mota, ya rubuta abin da kowanne ya faɗa tare da lokacin da ya faɗa, sau da yawa a kowace daƙiƙa. In an dawo daga tsere sai a sauke bayanan a kwamfuta, su fito a matsayin layuka masu hawa da sauka: layin gudu, layin juyin injin, layin totur, layin birki, layin ƙarfin baƙin mai. Akwai bambanci tsakanin wannan da abin da ake gani a talabijin a gasar Formula 1, inda motar ke aika bayanan ta rediyo ga injiniyoyi tana cikin gudu. Ɗan tsere mai ƙaramin ƙarfi sai ya tsaya tukuna ya karanta nasa. Kafin ya ɗaure ko noti ɗaya sai da ya duba dokokin gasarsu, domin kowace gasa tana da abin da ta yarda a auna da abin da ta hana.

A mota ta zamani rabin aikin an riga an yi shi. Tun 1986 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin CAN, wayoyi biyu a murɗe waɗanda kwamfutocin cikin mota ke zance da juna ta kansu, kuma tun 1996 dokar Amurka ta tilasta wa sababbin motoci su zo da soket ɗin bincike iri ɗaya da ake kira OBD-II. Mai irin wannan mota yakan jona na'urarsa a wayoyin nan biyu ya sami juyin injin da zafin ruwa da matsayin totur a ɓagas. Tasa motar ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ke kan totur ɗinta ma makunni ne kawai, ya san a rufe ya san a wangale, bai san abin da ke tsakani ba. Saboda haka kowane bayani da yake so sai ya kafa masa sansa da hannunsa, ya ja masa waya.

Ya fara da zaɓe, domin na'urar ƙofofi takwas gare ta, kuma kowace ƙofa kuɗi ce. Ya rubuta tambayoyinsa a takarda tukuna. Me ke kashe injin? Wannan yana buƙatar ƙarfin baƙin mai, da zafinsa, da zafin ruwa, da juyin injin. Me direba ke yi a lokacin? Wannan yana buƙatar totur da ƙarfin taka birki. A ina abin ke faruwa? Wannan aikin GPS ne da ma'aunin jijjiga da ke cikin akwatin, wanda ke auna yadda mota ke fizgar abin da ke cikinta gaba ko baya ko gefe. Ƙarfin batir kuwa na'urar da kanta take rubuta shi, bai ma kula da shi ba a lokacin.

Sai batun sau nawa za a rubuta kowane abu a daƙiƙa. Zafin ruwa a hankali yake canzawa, sau ɗaya a daƙiƙa ya wadatar. Ƙafar direba ta fi haka sauri, don haka ya sa totur da birki sau 50. GPS na wayar hannu yakan faɗi inda mutum yake sau ɗaya a daƙiƙa, motar da ke gudun kilomita 144 a sa'a kuwa tana cin mita 40 a daƙiƙa ɗaya, wato wurin taka birki gaba ɗaya zai iya ɓacewa tsakanin ɗigo biyu. Shi ya sa na tsere ke yi sau 10 zuwa 25. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce a rubuta abu aƙalla ninki biyu na saurin canzawarsa, a aikace ma sukan ninka fiye da haka. Ƙarfin baƙin mai ya fara sa shi sau ɗaya, yana tunanin ai gejin dashbod ma da ƙyar yake motsi. Daga baya ya tuna cewa da gangan ake ƙera allurar geji ta riƙa jan ƙafa don kada ta tayar wa direba hankali, sai ya mayar da shi sau 50. Da ya bar shi yadda ya fara, da bai ga abin da ya gani a watan Maris ba.

Aikin hannun ya ci masa ƙarshen mako huɗu a gareji mai sanyi. Akwatin ya ɗaure shi da noti a kan faranti inda kujerar fasinja take a da, kusa da tsakiyar mota, a shimfiɗe daidai, gabansa yana kallon gaba sak, domin in ya karkace ma'aunin jijjiga zai ɗauki wani kaso na birki ya kira shi kwana. Masu duba mota kafin tsere ma ba sa yarda da abin da aka manne da gam, tunda duk abin da ya ɓalle a hatsari ya zama jifa. Eriyar GPS ya sa ta inda take ganin sama. Sansan baƙin mai bai ɗaura shi a jikin injin ba, don girgiza kan karya wuyansa mai ya tsiyaye a kan titi; ya ja masa gajeren tiyo ya kafe shi a jikin mota. Wayoyin sigina ya bi da su nesa da kwil da wayoyin fulogi, waɗanda ke ɗauke da dubban bolt suna watsa hayaniyar lantarki a kewayensu. Bai yi amfani da dalma ba, matse kan waya ya yi da filaya ta musamman, saboda dalma tana sandarar da waya, girgiza kuma ta karya ta daidai inda dalmar ta ƙare. Wutar na'urar ya ɗauko ta bayan babban makunnin da doka ta ce kowace motar tsere ta samu, mai kashe komai in an yi hatsari, ya sa mata fis nata daban. Kowace waya ya liƙa mata suna a kai biyu.

Daren da ya gama, ya tayar da injin na uku, wanda dattijon ya haɗa a watan Janairu, ya bar shi yana aiki a tsaye har ya ɗau zafi, sannan ya sauke bayanan. Abin da ya gani ya tsayar masa da numfashi. Layin baƙin mai yana tafiya lafiya, sai ya faɗi da kusan rabin ba, ya zauna a ƙasa na ɗan lokaci, ya koma, sannan ya sake faɗuwa. Injin da ke tsaye da zafi ƙarfin mansa dama kaɗan ne, don haka rabin ba a nan ba abin wasa ba ne. Ya ce a ransa ga hujja ta samu, famfon mai ne, ko wani abu da aka ɗaura ba daidai ba. Ya ɗauki hoton allon, ya rubuta wa dattijon saƙo mai ladabi a sama da kaifi a ƙasa. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, sai ya bar turawa zuwa safiya.

Da safe a wurin aiki ya yi abin da yake yi kullum kafin ya taɓa jinin majiyyaci: ya zuba wa injin awon samfurin gwaji wanda an riga an san sakamakonsa, don a ga ko injin yana faɗin gaskiya a ranar. Yana tsaye yana jiran lambar ta fito ya tuna bai yi wa na'urar motarsa haka ba. Shekara goma sha biyar bai taɓa sa hannu a sakamakon da ba a tantance ma'auninsa ba, ga shi yana shirin tuhumar abokin mahaifinsa da maganar wani akwati da ya saya a hannun baƙo. Da yamma ya ɗora layukan a kan juna, ya ga duk lokacin da mai ya faɗi, ƙarfin batir ma ya ɗan faɗi a daidai wannan daƙiƙar. Ya tayar da motar ya saurara. Fankar lagireto ce ke kunnuwa.

Bayanin abin mai sauƙi ne. Sansan mai yana magana ne da ƙarfin lantarki: bolt 0.5 na nufin babu matsi, bolt 4.5 na nufin ba 10. An bar rabin bolt a kowane gefe da gangan, don in waya ta tsinke a ga sifili a gane tsinkewa ce. Na'urar tana auna wannan ƙarfi ne a kan nata nagatif. Shi kuwa, don sauƙi, ya ɗaura nagatif ɗin na'urar a kan wani noti mai tsatsa inda nagatif ɗin fanka yake, na sansan kuma ya ɗaura shi a wani wuri daban. Fanka tana jan wuta mai yawa. In ta ja amfiya 10 ta cikin tsatsar da ke da turjiyar om 0.02 kacal, an sami bambancin bolt 0.2 tsakanin nagatif biyun, a ma'aunin wannan sansa kuma bolt 0.2 daidai yake da rabin ba. Injin lafiyarsa ƙalau. Ƙasar da aka tsaya a kai ana awo ce ke motsi. Ya kwance, ya mayar da nagatif ɗin kowane sansa zuwa na'urar kai tsaye, ita kuma ya ba ta wuri guda mai tsabta, sannan ya goge saƙon.

Washegari ya je ya faɗa wa dattijon abin da ya faru, ban da batun saƙon. Dattijon ya yi dariya, ya shiga ciki ya fito da tsohon gejin mai na allura wanda ba ya amfani da lantarki. Suka jona shi tare da sansan, suka gwada a juyi daban-daban har lambobin biyu suka yarda da juna. Suka tsoma sansan zafi a tafasasshen ruwa suka ga ya kusa 100. Suka nuna wa na'urar inda totur ke rufe da inda yake wangale. Suka tura motar kan daɓe madaidaici suka mayar da ma'aunin jijjiga sifili. Wannan aikin tantancewa ya ɗauki yini guda, kuma shi ne karo na farko tun kaka da suka yi aiki tare ba tare da maganar injin da ya buga ta shiga tsakani ba.

A watan Maris suka koma Brands Hatch ranar gwaji. Gajeren zagayen filin bai kai kilomita biyu ba, MX-5 tana cinye shi a kusan minti ɗaya. Daga layin farawa ana faɗawa Paddock Hill, kwana ta dama mai gangara kamar an janye ƙasa daga ƙarƙashin mota, a haura zuwa Druids, kwana mai lanƙwasa kamar ƙugiya, a gangaro, a ƙarshe a shiga doguwar kwana ta dama da ke farawa daga Clearways ta fitar da mutum kan miƙaƙƙen titi. Ya yi minti ashirin ya dawo. Suka zauna a bayan tirela, kwamfuta a cinya, dattijon ya sa tabarau.

Manhajar ba ta jera zagaye bisa lokaci, bisa nisa take jerawa, ta yadda mita ta ɗari biyar a zagaye na uku za ta zauna daidai kan mita ta ɗari biyar a zagaye na goma. Ta haka ake ganin inda aka yi abu ɗaya ta hanya biyu. Abu na farko da ya fito shi ne wani tsini a layin juyin injin gab da Druids, a zagaye da dama. Injin yana da abin da ke yanke masa fetur in ya ɗan haura juyi 7,000 a minti, direban kuma ya daɗe yana ganin wannan ya tsare shi. Amma abin yana aiki ne kawai in totur ne ke tura injin. In mutum ya jefa ƙaramar giya motar tana da sauran gudu ya saki kuloci, tayoyi ne ke juya injin, babu fetur ɗin da za a yanke. Layin ya nuna yana haura iyakar na ƙiftawar ido, yawanci in yana bin wata mota. Kunnen dattijon daga bakin shinge bai yi ƙarya ba.

Abu na biyu yana a Clearways. A zagayen farko-farko layin mai lafiya lau. Daga tsakiyar lokacin, bayan man ya yi zafi ya tsinke, sai wani ɗan rami ya fara bayyana a tsakiyar doguwar kwanar, bai kai daƙiƙa ɗaya ba, daidai inda ƙafa ke kan totur injin yana cikin nauyi. Wannan karon batir bai motsa ba. Mai yana taruwa ne a kasko a ƙasan injin, famfo yana zuƙo shi ta bututu. Mota in tana kwana da ƙarfin da ya kai nauyinta, saman man yakan karkata digiri 45, kamar ruwa a bokitin da aka ɗauko a bayan babur. In kwanar gajera ce man ba ya samun lokacin gudu. In doguwa ce sai ya taru a gefe ɗaya, bakin bututun ya zuƙi iska, boris ya yi aiki a bushe na ɗan lokaci, zagaye bayan zagaye. Dattijon ya daɗe yana kallon ramin. A ƙarshe ya ce tun a injin farko ya yi tunanin ƙara wa kaskon shinge na ciki mai tare mai, ya ga a zamaninsa ba a buƙata, bai lissafa cewa tayoyin yanzu sun fi na da riƙe titi ba. Direban ya ce shi kuma da safe kaɗai yake duba mai, ba ya ƙarawa tsakanin fita da fita. Babu wanda ya nemi gafarar wani, amma babu wanda ya sake ɗaga maganar.

Akwai abu na uku wanda bai shafi injin ba, shi ne kuma ya fi yi masa zafi. Shekara uku yana gaya wa kowa cewa a Paddock Hill yana sakin birki ya koma totur nan take. Layukan biyu suka nuna tsakanin sakin birkin da taɓa totur akwai fili, motar tana gangarawa ita kaɗai babu ƙafa a kan komai, a kowane zagaye. Ba ƙarya yake yi wa mutane ba, abin da ya yi niyya ƙwaƙwalwarsa ta ajiye masa a matsayin abin da ya aikata. Wannan ba ciwon ƙananan direbobi kaɗai ba ne. A 2012, a gasar Beljiyam, bayan Jenson Button ya zo na ɗaya a zagayen neman gurbi, abokin aikinsa a McLaren, Lewis Hamilton, ya wallafa hoton bayanan motocinsu biyu a Twitter don ya nuna inda yake asarar lokaci, kafin a sa ya cire shi. Zakaran duniya ma da aka matsa shi, layukan ya ɗauko su yi masa shaida.

Motar Formula 1 ta yau tana ɗauke da sansa kimanin 300, kuma tun 2008 dukkan motocin gasar kwamfutar injin iri ɗaya suke amfani da ita. Tun 1997 kowace tana da na'urar naɗar hatsari, irin wadda ta sa aka san cewa motar Romain Grosjean ta daki shinge a Baharain a 2020 tana gudun kilomita 192 a sa'a, da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 67. Duk da haka, daga 2003 an hana injiniyoyi su riƙa sauya saitin mota daga nesa tana cikin gudu, kuma har yau in direba ya dawo sai an zaunar da shi an tambaye shi abin da ya ji. Dalilin shi ne layi yana nuna abin da ya faru, ba ya faɗin abin da ya jawo shi. Na'urar ta nuna filin da ke Paddock Hill, amma ba ta san ko tsoro ne ba, ko kuwa bayan motar ne ke yin sako-sako a kan gangarar har ƙafa ta ƙi sauka. Da dattijon ya tambaye shi, ya yi shiru ya ce duka biyun. Suka rage iskar tayoyin baya kaɗan, suka sassauta shokazoba, sauran kuma aikinsa ne shi kaɗai.

Kafin tseren farko na kakar suka sauke kaskon, dattijon ya yi masa waldar shinge. Direban ya saita jar fitila a dashbod wadda ke kamawa in ƙarfin mai ya yi ƙasa alhali juyin injin yana sama, don kada ta dame shi a tsaye har ya saba da ita ya daina kallonta. Ya sayi ƙaramin littafi yana rubuta iskar taya da yanayin gari da yawan man da ya ƙara kafin kowace fita, tunda na'urar ba ta san waɗannan ba. Ranar tseren ya ƙare a tsakiyar jeri kamar kullum. Yana kashe mota dattijon ya miƙo hannu ta taga, kafin ya tambaye shi na nawa ya zo, ya ce, «Ba ni wayar kwamfutar nan, yaro, mu ga Clearways.»